Yadda muka mayar da tsohon bar wurin shan shayi a Damagaram, da rigimar da muka sha a kan ƙofa

Aikin da zan ba da labarinsa ba wani babban aiki ba ne, ɗaki guda ne mai mita 7 a 5, da ɗan zaure, da tsakar gida mai dogon yaro ƙwaya ɗaya, amma wallahi tun da na fara sana'ar fenti da gyaran cikin ɗaki ban taɓa yin aikin da ya hana ni barci kamarsa ba. Wurin yana wata unguwa a gefen Sabon Gari, ba zan faɗi layin ba, wanda ya sani ya sani. Da can bar ne, bar na gaske da ake shan giya, kowa a unguwar ya san haka ko da yake ba mai faɗa da ƙarfi, in za a kwatanta wa ɗan kabu-kabu sai dai a ce gidan nan mai koriyar ƙofa. Bayan abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar aka taɓa coci-coci a garin nan, masu irin waɗannan wurare kowa ya shiga taitayinsa, mai bar ɗin ya sa kwado ya bar gari. Gidan ya yi shekaru a kulle, in ban da ɗan lokacin da wani ɗan kasuwa ya riƙa jibge buhuna a ciki.

Wanda ya kama hayarsa abokin yayana ne, Yaya nake ce masa ni ma, ya yi shekaru a Libiya yana aikin ƙarfi ya dawo da ɗan abin da ya tara. Niyyarsa mai kyau ce, wurin shan shayi da kofi da lemo da solani, da tele babba ta kallon ƙwallo, babu giya babu shisha. Ranar da ya kira ni sai ya ciro waya ya fara nuna min hotuna, wurare ne na Dubai da Turkiyya, bango baƙi ƙirin, fitilu shuɗaye suna bin gefen silin, gilashi daga sama har ƙasa, dogayen kujeru a gaban kanta waɗanda in ka hau ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Ya ce ƙanena haka nake so, sak. Na ce to Yaya, amma ka ba ni kwana uku kafin in rubuta maka lissafi.

Kwana ukun nan ban auna komai ba sai rana ta ƙarshe, a fadar da ke tsallaken layin, wato majalisar da dattawa ke zaman hira, na yi su, ina shan shayin dattawa ina kallon wa ke wucewa.

Unguwar ba wadda mai bar ya bari ba ce

Dole in tsaya a nan kaɗan don duk abin da muka yi daga baya a nan tushensa yake. Mu ƴan Damagaram mun saba ganin Birni da Zango kamar ba sa motsi, fadar Sarki tana inda take, lunguna suna yadda kakanni suka bar su, amma unguwannin da ke gefe sun canza ƙwarai cikin shekarun nan. An buɗe jami'a a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗalibai suka cika gari suna neman ɗakin haya, daga Maradi daga Tawa daga Difa har da Yamai. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011, ma'aikata da direbobin tanka da masu kwangila suka shigo da kuɗi. Sai kuma Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamban 2018, da aka shimfiɗa gudro, wato kwalta, aka kafa fitilu a tituna da dama, layin da da ba a bi sai da tocila ya zama hanyar wucewa. A layin da nake magana gidajen iyali biyu sun zama ɗakunan haya na ɗalibai, an buɗe butik, an buɗe wurin fotokopi, mai gyaran waya ya kafa teburi, ga wani ɗan masallaci da aka gina wanda zamanin bar ɗin babu shi. Dattawan fadar su ne kaɗai abin da bai motsa ba, kuma su ne suka san tarihin kowane bango.

To abin da na gani shi ne mutane iri uku ne za su iya shiga wurin. Ɗalibai masu neman inda za su zauna awa uku da kofi guda da wurin cajin waya, ma'aikata masu albashi da ke fitowa bayan isha'i, da ƴan unguwa da ba za su kashe fiye da dala ashirin ba amma in suka ƙi wuri ya mutu. Kuma dukansu ukun akwai abu guda da ke tsakaninsu da wannan gida, sunan da ya yi.

Da na shiga auna gidan sai na gane wani abu da ya ba ni dariya ya kuma ba ni tsoro. Duk ginin an yi shi ne don ɓoye wanda ke ciki. Ka shiga koriyar ƙofa sai ka ci karo da bango, sai ka karkata hagu ka bi wata ƴar ƙofa kafin ka ga ɗaki, babu taga ko ɗaya da ke kallon titi sai ƴan ramuka uku can sama kusa da rufi, ga kuma ƙofar baya da ke fita wani lungu. Dabarar zaure ce ta gidajenmu na gargajiya, inda ba a saita ƙofar waje da ta ciki don kada mai wucewa ya hango matan gida, mai bar ya aro ta ya ɓoye masu shan giya da ita. Yanzu ka ɗauki wannan gini ka shafa masa baƙin fenti ka sa shuɗiyar fitila, me ka yi? Ka sake buɗe bar ke nan a idon unguwa, ko da zamzam kake sayarwa.

Muka je gaida limamin ɗan masallacin ni da Yaya, Yaya ya fara dogon bayani, Allah gafarta Malam shayi ne kawai da lemo, ba wani abu. Malam ya bari ya gama sannan ya ce, ni ban tambaye ku abin da za ku sayar ba, abin da nake son sani, in na fito sallar magariba na wuce ta ƙofar, zan ga wanda ke zaune a ciki ko ba zan gani ba? Wannan tambaya ita ce ta zama zanen aikin gaba ɗaya, ni dai kawai mita na riƙe.

Bangon gaba

Yaya ya ji daɗin maganar buɗewa don ya ɗauka gilashinsa ya samu shiga, ya ce ka gani ko, sai mu fasa gaban duka mu sa gilashi. A nan muka yi rigimar farko. Gaban gidan yamma yake kallo, daga azahar zuwa faɗuwar rana rana tana dukansa kai tsaye, kuma kowa ya san watan Afrilu da Mayu a garin nan zafi na wuce 40, gilashi yana barin zafin rana ya shiga ba ya barin shi ya fita, sai ɗakin ya zama tanda, sai ka sa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kilim kuma sai kuran, wato wutar lantarki, kuran kuma mun san halinsa. Ga hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu in ka goge gilashi da safe kafin la'asar yara sun rubuta sunansu a kai da yatsa. Ga kuma ƙwallon yaran layi. Na ce Yaya buɗewa daban gilashi daban.

Abin da muka yi, muka rushe bangon nan na cikin zaure da ke tare ido, muka fasa manyan tagogi biyu a bangon titi, kowace faɗin mita ɗaya da rabi, muka lanƙwasa samansu kamar bakan gizo irin na soraye, mai walda ya yi musu raga ta ƙarfe da murfi mai naɗewa da ake rufewa da dare ko in iska ta taso. Ƙasan tagar muka tsayar daidai ƙugun mutum, yadda wanda ke tafiya a titi zai ga kan duk wanda ke zaune. Sannan muka fitar da rumfa a gaba mita biyu don ta tare ranar yamma, muka zuba dakali a ƙarƙashinta tsawon bangon. Ƙofar baya kuwa muka toshe ta da siminti gaba ɗaya, kuma da gangan na sa aka yi aikin da rana tsaka ana kallo, wata Hajiya da gidanta ke cikin lungun ta leƙo ta ce wa magini, Allah ya yi maka albarka ɗan nan, shekara nawa ina share kwalabe a ƙofar gidana. Koriyar ƙofa ma muka cire ta, Yaya ya so a sake mata fenti kawai don ƙarfenta na da kyau, na ce ko zinariya ce sai ta tafi, sunan gidan a jikinta yake. Mai walda ya saye ta.

Fasa tagogin nan ne ya tona mana wani asiri. Bangon ashe na ƙasa ne, tubali, aka lulluɓe shi da siminti ciki da waje, da magini ya sa guduma sai simintin ya riƙa ɓallowa falle-falle, ƙasar da ke bayansa daga ƙasa har gwiwa a jiƙe take tana marmashewa. Haka siminti ke yi wa ginin ƙasa, ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ko ya hau daga ƙasa ya rasa hanyar fita, daga waje ka ga bango lafiya lau ciki kuwa ya ruɓe. Magabata da suke shafe da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ba don ba su da wayo ba ne, makuba tana korar ruwan sama amma tana barin bango ya sha iska. Kuma wannan aikin bayan damunar 2024 muka yi shi, damunar da tsohon masallacin Birni na tun ƙarni na 19 ya rushe a watan Satumba muna ji muna gani, don haka ban tsaya wasa ba, na ce a kankare simintin ƙasa duka, a bar bango ya bushe, a cike da sabon tubali, a zuba linto na kankare a saman kowace taga, a ɗaga dokin ƙofa taki guda saboda ruwan da gudro ke turowa, a gyara indararo ya riƙa zubarwa nesa da gindin gini. Sati uku muka rasa a nan, Yaya yana zuwa kullum yana tsaki yana cewa kuɗina na tafiya a abin da ba wanda zai gani.

Gaskiyarsa ne kuma, kusan rabin kuɗin aikin a abin da ba ya fita a hoto ya tafi. Rufin kwano ne tsirara, da rana in ka ɗaga hannu kana jin wuta, muka yi silin muka bar tazara tsakaninsa da kwano, ramukan nan uku na sama da mai bar ya yi muka ƙara su suka zama shida don zafi sama yake hawa, in ya samu mafita sai iska mai sanyi ta shigo ta taga ta maye gurbinsa. Fanka huɗu, ba kilim. Yaya bai yi gardama sosai a kan sola ba don shi ma yana nan a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke kuran bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya ga yadda masu firigo suka yi ta zubar da kaya. Muka raba wayoyin gida biyu, fitilu da fanka da tele da wurin caji a kan sola da batir, firiza a kan kuran, kuma firizar muka sayi ta kwance mai buɗewa ta sama, ba firigo mai ƙofar gilashi da yake so ba, don ta kwance in ka buɗe sanyin yana zaune a ƙasa ba ya zubowa, ko an ɗauke wuta ta riƙe ƙanƙara sa'o'i masu yawa. A bakin ƙofa kuma muka girke randuna biyu na Mirya a kan yashi mai laima, ruwan sha kyauta ga duk mai wucewa. Wannan ba ado ba ne kawai, gidan da ake tsayawa a sha ruwa a ƙofarsa ba a ɗaukarsa gidan ɓoyo.

Kanta da dogayen kujeru

Tsohuwar kantar bar ɗin tana nan, siminti ce ta kai ƙirji, a can ƙuryar ɗaki. Yaya ya riga ya sa kafinta ya yi masa dogayen kujeru shida kafin ma ya kira ni. Na ce ya hau ɗaya, ya hau, na ce to yanzu ka ɗauka kana da babbar riga ranar Juma'a, ko kuma Baban fadar can ne mai ciwon gwiwa. Mu mutanen tabarma ne da dakali da kujerar zare, shayi kuma ba a tsaye ake shansa ba, zagaye uku ne, na farko mai ɗaci na biyu daidai na uku zaƙi, wanda zai jira zagaye uku yana son ya miƙe ƙafa. Ban da wannan, zama a jere a gaban kanta kowa ya ba ƙofa baya, zaman ƴan bar ne, duk wanda ya taɓa leƙawa ya san shi. Muka fasa kantar, muka yi sabuwa ta katako mai tsayin santimita 90 muka dawo da ita kusa da ƙofa, mai wuri yana ganin titi yana ganin ɗaki, mai shiga kuma fuskar mutum yake fara gani ya yi sallama a amsa masa. Kujerun shida kafinta ya yanke musu ƙafafu, har yau suna nan, gajeru masu faɗin kai, yara na ce musu wadanni.

Mai dafa shayi muka fitar da shi ƙarƙashin rumfa da mangal ɗinsa, gawayi a cikin ɗaki hayaƙi ne da zafi, kuma ƙamshin shayi da na'ana'a a bakin titi ya fi kowane allo kira. Sauran wurin zama muka gauraya, benci mai jingina a jikin bango biyu da katifu masu rigar leda da ake gogewa, teburi ƙanana masu sauƙin ja don ranar da Real da Barsa za su haɗu a kwashe su gefe, teburi biyu masu tsayi daidai rubutu saboda ɗalibai, kowane da wurin caji a gefensa. Tele a bangon arewa muka rataye ta, hasken taga ba ya faɗa mata, kuma lasifika ƙanana biyu muka sa suna kallon cikin ɗaki ba babba guda mai girgiza maƙwabta ba. In an kira salla ana kashe sauti, wannan ba aikina ba ne, amma ni na sa makunnin a gefen kanta inda hannu zai kai ba sai an nemi rimot ba.

Fitila, nan ma sai da muka ja. Shuɗi da ja na ce a'a, kuma farar fitilar nan mai kashe ido irin ta farmasi ita ma a'a, tana sa fuskar mutum ta yi toka-toka kamar mai jinya. Masu ruwan ɗorawa muka sa, da yawa ƙanana, aka rufe su da ƙwarya da aka huhhuda, haske yana zubowa a kan teburi yana kuma fita ta taga har kan dakali. Bango daga sama farar ƙasa, daga ƙasa zuwa mita ɗaya da ɗan abu fentin mai ruwan jar ƙasa, don a nan ne kai da kafaɗa da takalmi ke gogawa, kuma kalar ƙura ce, ko ta kwanta ba ta tona asiri.

Inda na yi kuskure

Biyu ne, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko karo, wato tayil kamar yadda ƴan Najeriya ke cewa. Na bar Yaya ya rinjaye ni muka sa mai sheƙi mai santsi a rabin ɗakin don ya ce aƙalla abu guda dai a bar masa, ni kuma na gaji da musu. Sati biyu da buɗewa yaron da ke kai shayi ya zame da tire, kuma kowace sawu tana fita a kai, ga ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, mu da muke zaune a kan dutse ana jawo mana ruwa daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, pampo ya yi kwanaki bai zo ba kana sayen jarka wurin ƴan ga-ruwa, sannan a ce sai an goge ƙasa sau huɗu a yini. Yanzu tabarmar roba aka shimfiɗa a kai, kuɗin karo ya tafi a banza. Ɗaya rabin da muka bari siminti mai kala ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Na biyu ya fi girma. Na ɗauki maganar Malam na wuce da ita gona da iri, na buɗe wurin har ya zama duk wanda ya zauna kamar yana cikin tele. Wata na farko maza suka cika, mace ko ɗaya ba ta zauna ba, ɗalibai mata sai su tsaya a taga su sayi bisap a leda su wuce. Ƙanwata da ke jami'a na tambaya, ta ce Yaya kai ma dai, wace yarinya ce za ta zauna a inda dattawan fada ke ƙirga lomarta, gobe a kai labari gidan da take haya? Ashe ganin da ke wanke namiji daga zargi shi ne ke jawo wa mace magana. Ban yi tunanin wannan ba sam, kwana uku na yi a fada ina kallon layi, kuma fada ta maza ce, idon maza na ara.

Tsakar gida ce ta cece mu, wadda da muka bari don ajiye kaya. Muka share ƙarƙashin dogon yaro, muka zuba tsakuwa, muka faɗaɗa ƙofar da ke tsakaninta da ɗaki muka cire mata murfi gaba ɗaya, sannan muka gina ɗan bango na bulo mai ramuka tsayin mita 1 da santimita 30 a inda idon titi ke faɗawa. Wanda ke kanta yana ganin kowa, wanda ya shigo ɗaki yana ganin akwai mutane a can kuma ya san su wane ne, amma mai wucewa a titi motsi kawai yake gani da kalar mayafi. Ba a ɓoye ba, ba a kuma baje ba. Sai da muka gwada tsayin da zana tukuna, muna ɗagawa muna saukewa, ni ina tsaye a tsallaken titi ƙanwata da ƙawarta suna zaune suna cewa ƙara, rage, kafin magini ya ɗora bulo ko ɗaya. Ban ɗaki ma sai da muka sake masa ƙofa ta daina kallon wurin zama, bangonsa kuwa da ya sha fitsarin shekaru sai da aka kankare shi har ƙasa don fenti ba ya rufe wannan wari, duk wanda ya ce maka yana rufewa bai taɓa dawowa wurin da zafi ba.

Akwai kuma inda Yaya ya fi ni gaskiya. Ni na so a bar bango fari fes, ina ganin zayyana a wurin shayi kamar kwaikwayon otel ɗin baƙi ne. Shi ya nace sai an yi bango guda na ɗaukar hoto, ya ce kai ba ka san yaran yanzu ba, wurin da ba a ɗauki hoto ba ba a je ba. Muka samo wani dattijon magini daga Birni da ya iya zanen gaban gida, ya yi mana dagi babba a bangon tsakar gida da ƴan zane-zane kewaye da shi, da hannu ya fitar da su a jikin laka kamar yadda ake yi a tsofaffin gidajen attajirai, muka shafa kala uku kawai. Yau in ka ga hoton wurin a Facebook ko TikTok to a gaban bangon nan aka ɗauke shi, kuma rabin sababbin fuskoki ta nan suka zo. Dattijon da ya gama ya ce rabon da a kira shi irin wannan aiki har ya manta, yanzu kowa karo yake mannawa a gaban gida.

Yadda abin yake yanzu

Wurin yana tafiya. Da safe ƴan unguwa da shayi da burodi, da rana ɗalibai a tsakar gida da takardunsu, da dare ma'aikata da ƙwallo, ana buga kartar balot a teburin ƙurya. Malam ya taɓa tsayawa ya sha ruwan randa, bai shiga ba, amma an gan shi ya tsaya, kuma a layin nan wannan ya isa. Ƴan kabu-kabu sun daina cewa gida mai koriyar ƙofa, yanzu mai randa suke cewa.

Abin da ban hango ba shi ne dakali. Na yi shi don wanda ke jiran shayi ya ɗan zauna, sai dattawan fadar tsallake suka ga inuwa ga haske ga tele ana hangowa ta taga, suka kwaso butarsu da mangal ɗinsu suka dawo kai gaba ɗaya. Ba sa sayen komai, nasu shayin suke dafawa, a gaban mai sayar da shayi. Yaya abin yana cinsa, ya ce min ƙanena na biya haya na biya siminti na gina wa mutane fada kyauta. Na ce Yaya tun da suka zauna an taɓa sace babur a ƙofar nan? Ya ce a'a. Na ce wani ya taɓa zuwa ya ce maka ana zargin wurin? Ya ce a'a, amma a'a ba ta biyan haya.

Kuma maganar haya ba wasa ba ce, don mai gidan da ya yi shekaru bai samu wanda zai karɓi makullin ba, da ya zo ya ga fitilu da mutane sai ya aiko cewa in shekara ta cika zai ƙara kuɗi, wai unguwa ta ci gaba, kuma takardar da suka yi tun farko ba ta ce komai a kan gyaran da aka yi ba, wannan ma da na sani da na sa Yaya ya rubuta kafin mu fasa bango. Yanzu lissafinsa shi ne a rushe dakali a sa teburi huɗu a ƙarƙashin rumfa, teburi huɗu a dare kuɗi ne, ko kuma a ƙara kuɗin shayi wanda zai kori ƴan dala ashirin. Ya kira ni sau biyu in zo in auna. Jiya da na bi ta layin bayan la'asar na tarar da Baba mai ciwon gwiwa ya kawo ƴar katifarsa ya ɗaure ta da igiya a jikin ragar taga don kada iska ta ɗauke, ya ce ɗan nan zo ka sha na biyu, na zauna na sha, mitar tana aljihuna ban ciro ta ba.